A sakar mana mara, ko a ƙara riƙo? Muhawara kan aƙidar libatariyanci

Malam Sani (Gesse):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya a teburin mai shayi muka raba dare da ƙanena Nura, ya dawo daga karatu ya zo mana da wata aƙida wai ita libatariyanci. Na san ta a takarda tun muna jami'a, amma ban taɓa jin Bakabe ya kare ta da jijiyar wuya haka ba, shi ya sa na ce bari in kawo ta nan.

A taƙaice masu wannan ra'ayi cewa suke a sakar wa mutum mara. Jikinka naka ne, guminka naka ne, ba mai ikon tilasta maka komai muddin ba ka taɓa jikin wani ko dukiyarsa ba. Gwamnati a wurinsu mai gadi ce kawai: ta kama ɓarawo, ta raba gardama a kotu, ta kare ƙasa daga mahara, shi ke nan. Ba ruwanta da farashin mai, ba ruwanta da sayar da taki, ba ruwanta da wanda ya shigo da shinkafa. Wani malamin falsafa na jami'ar Harvard, Robert Nozick, har ya rubuta a 1974 cewa karɓar haraji daga abin da mutum ya samu da guminsa ɗan'uwan aikin tilas ne. A fannin tattalin arziki gogan nasu su ne Friedrich Hayek da Milton Friedman, na farko ya ci kyautar Nobel a 1974, na biyu a 1976. A zamanin nan kuma ga Javier Milei na Ajantina, wanda ya riƙa yawon kamfe da zarton inji a hannu, wai da shi zai sassare kuɗin da gwamnati ke kashewa.

To, wannan magana tana da wurin zama a Kabi, ko kayan Turawa ne?

Ɗan Kamba:
Wa'alaikumussalam. Malam, ni ban san sunan abin ba sai yau, amma ashe na daɗe ciki. A rubuta ni lamba ɗaya.

Ku da ke Birni ba ku san abin da munka gani ba da anka rufe boda a watan Agustan 2019. Tsakaninmu da Gaya ta Nijar ɗan taƙi ne, rabin danginmu na can, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya. Rana ɗaya anka ce an kulle. Ba a tsaya nan ba, watan Nuwamba anka hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 da iyaka. Mutum na cikin ƙasarshi, da kuɗinshi a hannu, sai ya yi tafiya ya sayo man da zai zuba wa injin ban-ruwa kamar wanda ya sato. Kuma shin shinkafar waje ta daina shigowa? Wallahi ba ta daina ba. Hanya ce kawai ta koma daji, kuɗin babur ya ƙaru, na masu shinge ya ƙaru, buhu ya yi tsada. Talaka ya biya, wanda anka sa tsaro ya gina gida.

Hajiya Balki (Jega):
Ɗan Kamba ka tuna mini da farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Ina da kuɗina a banki, na halal, na albasa da na tara, amma sai da na wuni a layi in samu abin cefane. Na ga mace ta kawo kaji kasuwar Jega ta koma da su gida don ba mai tsabar kuɗi, ita kuma ba ta da asusu balle a tura mata. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya yanke wannan hukunci bai taɓa sanin akwai ta a duniya ba.

Malam Sani (Gesse):
Hajiya kin faɗi maganar Hayek ba tare da kin karanta shi ba. Babbar hujjarsa ke nan: ilimin da ake tafiyar da kasuwa da shi a warwatse yake a kawunan mutane. Ke kin san ranar da albasar Aliero za ta karye, direba ya san hanyar da ta lalace, mai awo ya san wanda zai iya ba bashi. Ba wani kwamiti a Abuja da zai iya tattara wannan. Farashi shi ne ɗan aiken da ke kai labarin daga wannan zuwa wancan. Idan gwamnati ta ƙayyade shi da ƙarfi, ta ɗaure ɗan aike, sai kaya su ɓace a kanti su bayyana a bayan fage.

Nan na yarda da su ɗari bisa ɗari. Wanda ya ga zamanin da waya ke hannun gwamnati ita kaɗai ya sani. Kafin 2001 layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, sai wane da wane. Aka ba 'yan kasuwa lasisi suka yi gasa, yau ga makiyayi a bayan Dakingari da waya a aljihu.

Na-Anka:
Ina karanta ku tun ɗazu ina murmushi. Yaya Sani, ni ɗan Zamfara ne zaman aiki ya kawo ni garinku, bari in ba ku labarin wurin da gwamnati ta sakar wa mutane mara da gaske.

Shekarar 2010. Zinare ya yi kuɗi a duniya, mutanenmu sunka duƙufa haƙa. Ba lasisi, ba mai duba, ba mai cewa kai tsaya. Kasuwa ce tsantsa irin wadda kuke yabo: ka haƙo, ka niƙa, dillali ya zo ya auna ya biya. Ana kawo duwatsun cikin gida, a niƙa su da injin niƙan hatsi, mata na dakawa a turmi, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya san akwai dalma ciki. Yara sunka fara suma suna mutuwa, a Dareta, Abare, 'Yar Galma, daga baya Bagega. Aƙalla yara 400 sunka tafi, dubbai sunka kamu. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka zo anka gane gubar dalma ce, kuma sai da anka kankare ƙasar gidaje anka zuba sabuwa. Na shiga ɗaya daga ƙauyukan nan bayan abin ya lafa. Wani dattijo ya kai ni bayan gari ya nuna mini jerin kaburbura, ba wanda ya kai tsawon hannuna biyu.

Ku gaya mini, wanne farashi ne ya kai wa uwar yaran nan labari? Yaron da ke rarrafe da wa ya yi ciniki, yaushe ya amince?

Nura (ƙanen Malam Sani):
Salam. An saka ni zauren yanzu, na ga ana ta cin namana, bari in kare kaina. Allah ya jiƙan yaran nan, Yaya Na-Anka. Amma a duba da kyau. Tsarin mulki ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Mutumin Bagega zinaren da ke ƙarƙashin gonar kakansa ba nasa ba ne a doka. To wa zai zuba jari ya gina wurin niƙa mai kyau a kan abin da gobe za a iya cewa sata yake? Dole a yi shi a ɓoye, a cikin gida. Doka ce ta tura sana'ar cikin ɗaki. Kuma aƙidarmu ba ta yarda ka cuci wani ba. Wanda ƙurarsa ta kashe ɗan maƙwabci, a kai shi kotu ya biya diyya.

Na-Anka:
Ƙanena, a kai wa kotu? Uban yaron shi ne mai niƙan. Shi zai kai kanshi ƙara?

Kuma ba a ɓoye ake yi ba, da rana tsaka ake yi. Abin da babu shi ne wanda ya san dalma zai zo ya auna ƙasa ya ce wannan guba ce. Irin wannan mutum ɗan kasuwa ba ya ɗaukar shi aiki, don ba riba.

Barista:
Nura, ka taɓo inda aƙidarku ta fi rauni ba ka sani ba. Duk ginin ya tsaya ne a kan “a kai shi kotu”. Wato an ɗauka akwai kotu mai sauri, mai araha, wadda mai kuɗi ba ya saye, da ɗan sanda da zai zartar da hukunci. Waɗanda suka rubuta littattafan nan a Shikago da Landan suka zauna, inda waɗannan abubuwa suka daɗe da kafuwa har an manta da kuɗin haraji aka gina su. Ni shari'ar gona guda ina da ita a hannu, wanda ya shigar da ita ya rasu, 'ya'yansa ke zuwa yanzu.

Amma zan ba ka gaskiyarka a kan mallaka. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Manomi na noma gonar da ya gada shekara da shekaru, amma ba shi da takardar da banki zai karɓa jingina. Nan kam hannun gwamnati ya yi nauyi.

Ɗan Kamba:
Ato. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Na-Anka:
Ɗan Kamba tsaya tukuna, ban gama ba. Kai shinge ya dame ka. Mu a wasu ƙauyukanmu ba shinge, ba ofishin haraji, ba ɗan sanda. Aljannar Nura ke nan ko? To can ne ake biyan haraji mafi tsada a Najeriya. Kafin ka yi shuka ka biya 'yan bindiga, kafin ka girbe ka sake biya, wani wuri har a kwashe ku ku yi wa ɗan ta'adda noma a gonarshi. Ga aikin tilas na gaske, ba na cikin littafi ba. Wuri ba ya zama ba mai iko. In hukuma ta janye, mai bindiga ya zauna kujerar, kuma shi ba ka iya kada shi a zaɓe.

An ma gwada “kowa ya tsare kanshi”. 'Yan sa-kai sunka tashi, wasu sunka yi aikin kirki, wasu sunka kashe wanda bai ji ba bai gani ba don kawai ƙabilarshi, ramuwa ta biyo ramuwa. A watan Yunin 2022 gwamnatin jiha da bakinta ta ce mutane su nemi bindiga su kare kansu. Ina tsaron ya ke? Ku ma kun ɗanɗana a Mera ta ƙasar Augie a Nuwamban 2024, da Lakurawa sunka shigo.

Nura (ƙanen Malam Sani):
Yaya, ai wannan hujjata ce ba taka ba. Mafi yawanmu ba mu ce a rushe gwamnati ba, masu cewa haka irin su Murray Rothbard tsiraru ne. Cewa muka yi aikinta na farko tsaro ne. Tamu ta bar gadin, ta tafi rabon taki da kujerar Makka da buhunan shinkafa na azumi. Kuma da ta tashi yin tsaron me ta yi muku? Satumban 2021 ta kashe muku layukan waya, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. Wa ya sha wuya, ɗan bindiga ko mai sayar da ƙosai? Haƙar ma'adinai an haramta ta a Zamfara daga 2019 har ƙarshen 2024, an daina haƙa?

Na-Anka:
Wannan kam ban musa ba. Wata guda ban ji muryar mahaifiyata ba.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Na so in yi shiru amma an shigo gonata. Abin da masu aƙidar nan ke faɗi a kan farashi ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisin Anas yana nan cikin Abu Dawuda da Tirmizi: kaya suka yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanke farashi, ya ƙi, ya ce Allah shi ne mai sanya farashi. Ibn Khaldun ya yi bayanin yadda daula ke farawa da haraji kaɗan tana samun kuɗi da yawa, ta ƙare da haraji mai yawa tana samun kaɗan. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. To ba sai mun je Ajantina ba.

Amma a tsaya nan. Addinin da ya hana ƙayyade farashi shi ya hana ɓoye abinci don ya yi tsada, hadisin na cikin Muslim. Shi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Shi ya wajabta zakka, kuma ba roƙo ake ba, Sayyidina Abubakar yaƙi ya yi da waɗanda suka hana ta. Wanda ya ce duk abin da aka karɓa daga dukiyarka ba da sonka ba sata ne, me zai ce da wannan? Mu ba mu ce dukiya taka ce kai kaɗai ba. Amana ce, akwai haƙƙin mabuƙaci a ciki.

Sannan Nura, in tambaye ka tsakani da Allah. Mutanen naku me suka ce a kan ƙwaya?

Nura (ƙanen Malam Sani):
Allah gafarta Malam, gaskiya da yawansu na ganin a daina kama mai sha, Friedman ma haka ya tafi a kai. Hujjarsu ita ce Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, ba a daina sha ba, sai 'yan daba suka yi kuɗi. Ni dai nan ban bi su ba.

Alaramma:
Madalla da ka faɗi gaskiya. Je ka bayan tasha da magariba ka ga yaran da tiramol ya cinye, ka dawo ka ce mini “jikinsa nasa ne”. Uwar da ke wanke masa kaya fa, nata jikin na wa ne? Ba mutumin da ke cutar kansa shi kaɗai. Matsalar aƙidar nan ta ɗauki mutum kamar daga sama ya faɗo baligi mai hankali, ba uwa, ba dangi, ba unguwa.

Baba Manu (Suru):
Ɗana ne ke rubuta mini, ni ina faɗi. Na ji duk bayaninku. Ni manomin shinkafa ne tun kafin a haifi Nura. Ɗan Kamba na kukan an rufe boda, mu lokacin ne munka ga kuɗi. Shanshara, wato shinkafar da ba a casa ba, ta yi daraja, masu injin casa na bin mu har gona, yara sunka yi aure, wasu sunka je Makka. Da anka ɗage harajin shigo da abinci a 2024, ta waje ta cika kasuwa, tamu ta faɗi, ga taki da mai sun hau. Man da muke saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a Mayun 2023, sai da ya haura 1,000. Injin ban-ruwa ba ya shan ruwan rijiya. To a bar ni in yi gasa da manomin Indiya da Tailan wanda gwamnatinshi ke tallafa mai, a kira wannan 'yanci?

Hajiya Balki (Jega):
Baba, da girmanka, amma mu masu saye fa? Lokacin da kuke zuwa Makka mu muna auna shinkafa da gwangwanin madara. Kuɗin da ya shiga aljihunku daga tukunyarmu ya fito.

Ɗan Kamba:
Kuma Baba a yi maganar bashin noma na gwamnati, wato Anko Borowa, mana, tunda a Birnin Kebbi Buhari ya ƙaddamar da shi a Nuwamban 2015. Nawa sunka biya? Wasu ko gona ba su da ita sunka karɓa.

Baba Manu (Suru):
Ni na biya nawa, da shaidu. Waɗanda ba su da gona ku tambayi wanda ya rubuta sunansu.

Malam Sani (Gesse):
Kun ga abin da ya sa na kawo maganar. Kowa a nan ɗan libatariyan ne a kan abin da yake saye, ɗan gurguzu a kan abin da yake sayarwa. Ni ma ban tsira ba, albashina na gwamnati ne, kuma a makarantar gwamnati na yi karatu kyauta har da abinci.

Game da Milei da aka tambaye ni ta akwatin sirri: ya karɓi mulki a Disamban 2023 hauhawar farashi na shekarar ta kai kashi 211, a 2024 ta sauko kusan 118, ta ci gaba da sauka. Amma a watanni shida na farkon 2024 talauci ya haura kashi 52 kafin ya dawo wajen 38 a ƙarshen shekarar. Masoyansa na nuna adadin hauhawar farashi, maƙiyansa na nuna na talauci. Ku lura kuma bai soke tallafin yara na marasa ƙarfi ba, ƙara shi ma ya yi. Hayek kansa ya yarda a yi wa wanda ya faɗi ƙasa wani ɗan abin dogaro. Almajiran ne suka fi malaman zafi.

Ɗan Kabawa (Argungu):
Ni duk kun bar wani abu. Kuna ta magana kamar abu biyu ne kawai a duniya, gwamnati ko kasuwa. Kogin Matan Fada na Argungu wa ke tsaron shi? Ba ɗan sanda ba ne, ba kuma wani attajiri ne ya saye kogin ba. Sarkin Ruwa ne da al'ada. An hana su a wurin sai lokacinsa, kowa ya sani, shi ya sa ranar bikin kamun kifi ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu sun ɗauka. A ce yau kowa ya shiga da komarsa duk ranar da ya ga dama, shekara biyu ba za a samu ko tarwaɗa ba. Kowa ya bi son ransa da hankalinsa, a ƙarshe kowa ya yi asara.

Malam Sani (Gesse):
Wata Ba'amurkiya Elinor Ostrom ta ci Nobel a 2009 a kan wannan batu daidai, yadda jama'a ke tsare abin da suka yi tarayya a kai ba gwamnati ba kamfani.

Ɗan Kabawa (Argungu):
Da ta zo Argungu da ta gama binciken da wuri.

Amma kar a ce na goyi bayan Nura. Al'ada na aiki ne inda kowa ya san kowa. A kogin Kwara ta wajen Warrah, Mayun 2021, jirgin ruwa ya ɗebo fiye da mutum 150 ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan suka fita. Kowane fasinja da yardarsa ya shiga, ya biya kuɗinsa, ba wanda aka tilasta. Ciniki ne halastacce a ma'aunin Nura. Abin da aka rasa mutum ɗaya ne a bakin gaɓa mai ikon cewa ya isa haka, sauran ku jira na gaba.

Nura (ƙanen Malam Sani):
Ai akwai hukumar da aka ɗora wa wannan aikin, Kawu. Tana nan lokacin da abin ya faru.

Barista:
Shi ya sa ni ban ga amfanin gardamar babba ce ko ƙarama ba. Tamu gwamnatin ƙatuwa ce a kan hanyar Kamba, ga shinge ga rasit ga sitika, sannan ba ta nan sam a gaɓar Warrah da dajin Anka. Nura na da gaskiya a wuri na farko, Na-Anka na da gaskiya a na biyu. Abin da ban ji ɗayanku ya amsa ba shi ne wa zai ɗauke mutumin daga shinge ya kai shi bakin ruwa, alhali a shingen ne ake samu.

Ɗan Kamba:
Barista in ka samo amsar ka kira ni, ko ƙarfe biyun dare ne. Gobe Lahadi ina da lodi, kuma na riga na ware canjin hanya a aljihun gaba.

Baba Manu (Suru):
Hajiya Balki, ɗana ya ce in tambaye ki nawa kuke sayen shanshara a Jega wannan makon. Ina da buhu 40 ban sayar ba.

Hajiya Balki (Jega):
Baba kira ni bayan la'asar. Amma ka sani ba farashin bara ba ne.